Bayan Sauke Kaya: Yadda Iyalan da Suka Yi Hajji ta Ƙasa Suka Koyi Zama Wuri Guda

Kafin jirgin sama ya mayar da tafiya daga Kano zuwa Jidda abin 'yan awoyi, Hajjin talakan ƙasar Hausa ƙaura ce ta gida sukutum, domin mutum yakan tashi da matarsa da 'ya'yansa, wani lokaci har da tsohuwarsa da ƙannensa, su fuskanci gabas da ƙafa ko bisa jaki, suna tafe suna tsayawa neman guzuri, har tafiyar ta ci shekara biyar ko bakwai ko fiye kafin a yi ido biyu da Ka'aba, in ma Allah ya nufa an kai. Masana sun yi rubutu mai yawa a kan wahalar wannan hanya, daga Umar al-Naƙar wanda ya fitar da littafinsa a kan al'adar Hajji a Afirka ta Yamma a 1972, zuwa J. S. Birks wanda ya bi sawun mahajjatan ƙasa ya wallafa bincikensa a 1978. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ke biyo bayan sauke kaya, wato yadda gidan da ya shekara da shekaru yana kwana a zango yake komawa zaman wuri guda, ya mallaki gona da maƙwabta da mai unguwa, ya kuma yarda a ransa cewa tafiya ta ƙare. Wannan mataki na ƙarshe ya fi hanyar kanta wuya ga iyalai masu yawa, kuma akwai waɗanda har jikokinsu ba su gama ɗaukarsa ba.

Hanyar da aka fi bi a farkon ƙarni na 20 takan tashi daga Kano ta ratsa Borno, ta tsallaka kogin Shari a Kusuri zuwa Fort Lami, wadda yau ake kira Njamena, sannan ta bi ta Ati da Abeshe a ƙasar Wadai, ta shiga Darfur ta Adre da Jinaina, ta wuce Fashir zuwa Ubayyid a Kordofan. Tun daga 1912 jirgin ƙasa ya iso Ubayyid, saboda haka mai kuɗin tikiti yakan huta da tafiyar ƙafa daga nan, ya tsallaka Farin Nilu a Kosti ya nufi Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke bakin Bahar Maliya. Tsakanin Kano da Sawakin ya haura kilomita 3,000 ko da a miƙe aka auna, kuma babu ayarin da ya taɓa tafiya a miƙe, tunda rijiya da kasuwa da damina su ne ke yanke wa madugu hanya.

Abin da hanya ke yi wa gida

Ba za a fahimci wahalar zama ba sai an fara fahimtar irin gidan da hanya take ƙerawa. A ƙauyen da aka baro, tsarin gida yakan rataya ne a kan gandu, wato gonar da maigida ke nomawa tare da 'ya'yansa da ƙannensa, shi ke riƙe da rumbu, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa samari aure, su kuma su ba shi ƙarfinsu. A kan hanya babu gandu kuma babu rumbu, saboda haka ikon maigida yakan ragu zuwa abu biyu kawai, wato yanke shawarar ranar tashi da riƙon jakar kuɗin guzuri. Sana'ar da ke ciyar da mutane ita ce wadda za a iya ɗaura wa jaki ko a rataya a kafaɗa: wanzanci, ɗinkin hula, dukanci, fawa da tsire, ga-ruwa, yankan farce, da malanta ga wanda ya yi karatu, domin rubutun sha da laya suna da kasuwa daga Borno har bakin teku. Da damina kuma kowa yakan zama ɗan ƙodago a gonar wani, ko ya ari fili ya shuka gero, ya girbe, ya sayar, a ƙara gaba.

Mata su ne suka fi ganin canji. Matar da a gida take cikin kulle, wadda sana'arta ba ta wuce ta aiki yarinya da talla ba, a zango ita ce ke zaune a bakin kasuwa tana suyar ƙosai, tana dama fura, tana surfe da wankau a gidajen mutanen gari, kuma sau da yawa ribarta ta yau da kullum ce ke riƙe tukunya yayin da kuɗin miji ke jiran kaka. Ta koyi Larabcin kasuwa, ta san canjin kuɗin Faransa da na Masar, ta haihu a ƙarƙashin bukka ba tare da uwarta ko goggonta ba, kuma wataƙila ta binne ɗa a garin da ba za ta sake gani ba. Yara kuwa sukan tashi da harshe biyu ko uku, karatun allonsu a tsittsinke, izu biyu a wajen wannan malami, izu uku a wajen wancan, ba su san dangi ba sai abokan ayari, waɗanda suke kira Baba da Inna da Kawu duk da babu jini a tsakani. Wannan zumunci na hanya yakan yi ƙarfi har a ƙulla aure a cikinsa, kuma shi ne yakan zama harsashin unguwa idan an zo zama.

Akwai wani abu a fiƙihu da ke haska matsalar sosai. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mutanen ƙasar Hausa da ta Sudan baki ɗaya, matafiyi yana yin ƙasaru, wato yana rage sallolin raka'a huɗu zuwa biyu, amma da zarar ya ƙudurta niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani gari, hukuncin tafiya ya faɗi daga kansa, ya zama mazauni, sai ya cika salla. Shari'a ke nan ta sauƙaƙa iyakar da ke tsakanin matafiyi da mazauni, ta mayar da ita abin niyya da 'yan kwanaki. Zuciya kuwa ba ta bin wannan lissafi, domin an sami dubban mutane da suka yi shekara arba'in suna cika salla a gari guda, suna noma gona guda, amma in an tambaye su sai su ce su baƙi ne, a kan hanya suke.

Waɗanda suka dawo

Wanda ya dawo gida yakan shigo da daraja, domin a zamanin da alhazai ba su fi a ƙirga da yatsu a gunduma ba, laƙabin Alhaji ko Hajiya yana ɗaga mutum sama da sa'o'insa, ana zuwa gaishe shi daga ƙauyuka, ana neman addu'arsa, ana karɓar kurɓin zamzam da ƙwayar dabino da carbi a matsayin tsaraba. Amma kwanakin barka da sauka ba su da yawa, kuma bayansu ne ainihin lissafi yake fitowa. Mafi yawan masu tafiya sun sayar da dabbobinsu kafin su tashi, gonar kuma ko sun ba da ita aro, ko sun jinginar da ita, wato sun karɓi kuɗi a hannun wani bisa sharaɗin ya riƙa nomanta har ranar da za a biya shi. Aron da ya shekara goma yakan fara kama da mallaka a idon wanda ya share, ya kai taki, ya biya harajin ƙasa duk tsawon lokacin, gonar da aka bari ta koma saura kuwa al'ada ta ba dagaci damar ya ba wani mai buƙata. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma a nan maganar ba ta tsaya ga karin magana ba, domin ɗakin ƙasa da ba a yi wa yaɓe ba damina uku ta ishe shi zubewa.

Lamarin aure da gado ya fi na gona sarƙaƙiya ga wanda ya tafi ya bar wani sashe na iyalinsa. Littattafan da alƙalai ke hukunci da su, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Halil, sun yi bayanin mafƙudi, wato mutumin da labarinsa ya yanke, ba a san yana raye ko ya mutu ba. Idan matarsa ta kai ƙara, akan bincika, in ba a sami labari ba a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma, daga nan ta sami damar yin wani aure, kuma in mijin farko ya dawo bayan na biyu ya tare da ita, to, ta kuɓuce masa. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da galibi irinsa ba ya wuce su a raye, wanda mafi shahara a mazhabar shi ne shekara 70 daga haihuwarsa. Sai dai mahajjacin ƙasa ba kasafai yake zama mafƙudi na sosai ba, domin labarinsa yakan riƙa isowa jefi-jefi a bakin masu dawowa, wani ya ce ya gan shi a Abeshe yana fawa, bayan shekara uku wani ya ce ya bar shi a Gadarif da sabuwar mata. Irin wannan labari bai isa ya ciyar da matar da aka bari ba, kuma ya isa ya hana a ce mijinta ya ɓata, saboda haka hanyar da ta fi sauƙi gare ta ita ce ta nemi alƙali ya raba auren bisa rashin ciyarwa. Mutum yakan dawo ke nan ya tarar an raba gadon ubansa, an ajiye masa kasonsa ko an cinye, 'yarsa da ya bari a goye tana ɗakin miji, wani kuma ya tsaya mata a matsayin waliyyi.

A cikin gida, matar da ta dawo daga hanya takan shiga wani hali mai wuyar sha'ani, domin darajar da mijinta ya samu ita ce ke neman mayar da ita kulle, tunda bai dace a ga matar Alhaji a bakin kasuwa ba, alhali ita ce ta riƙe gidan da kaskon suya daga Wadai har Hijaz. Wasu sun karɓi hakan a matsayin hutu da suka daɗe suna jira, wasu kuma sun mayar da abin da suka koya jari, suka shiga sayar da turare da lalle da mayafai daga cikin gida, suka zama su ne ake nema idan za a gyara amarya. 'Ya'yan da aka haifa a hanya su ne baƙi na gaskiya a garin ubansu, Hausarsu da gargada, ba su san gaisuwar surukai da jerin dangi ba, ba su saba da tuwon da ake tuƙawa a gidan kakarsu ba, kuma samarin cikinsu, waɗanda suka saba riƙe kuɗin guminsu tun suna ƙanana, ba su cika jure komawa ƙarƙashin gandun baffa ba. Daga cikin irinsu ne ake samun masu sake ɗaukar sanda, ko su koma gabas, ko su shiga fatauci, ko kuma su zama jagororin sababbin ayari, tunda sanin hanya da Larabci shi ne jarin da ba wanda ya isa ya ƙwace musu.

Waɗanda suka tsaya a Sudan

Kaso mafi girma na wannan tarihi yana Sudan, inda ake kiran mutanen da suka fito daga yamma Fallata ko Takari, sunaye biyu da ke haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a jaka guda ba tare da bambancewa ba. Zuwansu ya girmi mulkin mallaka, amma ya ƙaru ƙwarai bayan 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita hijira da jama'a mai yawa, aka kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'ar zuwa gabas har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, inda garin da ya kafa yake ɗauke da sunansa har yau, sarautar kuma tana hannun zuriyarsa. Mutanen Mai Wurno sun sami abin da mafi yawan mahajjata ba su samu ba, wato ƙasar noma da hukuma ta amince musu da ita da kuma sarkin da zai yi magana da yawunsu, shi ya sa zamansu ya kafu da wuri. Mark Duffield, wanda ya zauna a garin ya wallafa bincikensa a 1981, ya tarar da al'umma mai manoma da 'yan kasuwa da masu motocin haya, mai attajirai da talakawanta, kamar kowane gari da ya daɗe da kafuwa.

Labarin Jazira daban ne. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban shirin noman auduga na rani a Jazira, wato filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, ƙarƙashin wani kamfanin Ingila da ke raba riba da gwamnati da manoma, kafin a mayar da shirin hannun hukuma a 1950. An yanka ƙasar gida-gida, kowane yanki ana kiransa hawasha, wato gonar haya da ake ba manomi bisa sharaɗin ya shuka abin da hukuma ta tsara. Auduga tana son hannu da yawa, musamman lokacin tsinka, kuma mahajjatan yamma sun zo daidai da buƙata: sun iya noma, suna tafe da mata da yara masu tsinka, ba sa ƙin aiki mai wuya domin kowane kwabo yana matso da su kusa da Makka. Wasu sun sami hawasha a shekarun farko, musamman lokacin da farashin auduga ya faɗi 'yan ƙasa suka yi watsi da gonaki, amma yawancinsu sun zauna a matsayin 'yan ƙodago ko masu noman raba-daidai, suna zaune a matsugunan gefen magudanan ruwa da ake kira kambo, a kan filin da ba nasu ba.

A irin waɗannan ƙauyuka ne masanin halayyar al'umma C. Bawa Yamba ya yi bincikensa, wanda ya fito a 1995, inda ya tarar da mutanen da aka haifi iyayensu da kakanninsu a Sudan, ba su taɓa ganin Najeriya ba kuma ba su taɓa ganin Makka ba, amma suna kiran kansu mahajjata, suna ɗaukar ƙauyensu zango, suna ƙin gina gidan da zai nuna sun zauna. Yamba ya karanta wannan a matsayin aƙida da ke tsara rayuwarsu dukkanta, kuma yana da hujja, domin mutumin da ya yarda cewa mutuwa a kan hanyar Hajji rabo ce ba zai ga jinkirin shekara talatin a matsayin asara ba. Sai dai bai kamata a ɗora wa aƙida nauyin duka ba. Wanda ba shi da takardar fili, wanda hukuma za ta iya tasa a kowace kaka, ba ya buƙatar dogon tawili kafin ya ƙi kashe kuɗinsa a kan jan bulo. Cewa ana kan hanya tana kare mutunci ta fuska biyu, tana amsa tambayar dangin da aka baro a gida game da dalilin rashin dawowa, tana kuma amsa gorin ɗan ƙasa da ke kallon Bafallace a matsayin lebura, tunda baƙon Allah ya fi ɗan ƙodago daraja ko da aikinsu ɗaya ne. Bashi ma yana da nasa rabon, domin manomin da ya ci bashin hatsi kafin kaka, ya biya da amfanin gona a farashi mai rahusa, ba ya tara abin da zai kai iyali goma bakin teku.

Takarda ita ce ta zo ta tsananta lamarin. Dokokin zama ɗan ƙasa da aka yi a 1948 da 1957, kafin samun 'yancin Sudan a 1956 da kuma bayansa, sun rataya asali a kan tabbatar da cewa kakannin mutum sun daɗe a ƙasar tun kafin wata shekara da aka ƙayyade, abin da ya jefa zuriyar mahajjata da yawa cikin wahalar kawo shaidu a duk lokacin da suka nemi takardar ɗan ƙasa, wadda ba a samun aikin gwamnati ko mallakar fili cikin sauƙi sai da ita. Duk da haka zama ya yi ta kafuwa ta ƙofofin da doka ba ta tsare ba. Hausawa sun riƙe kamun kifi da noman lambu a bakin kogi, sun shiga noman dawa da riɗi a Gadarif, sun yi unguwanni a Kasala da Wad Madani da Bur Sudan da Hartum, tsirensu ya zama abincin titi da kowane ɗan Sudan ya sani da sunan agashe, kuma Aisha al-Fallatiya, wadda ta fito daga cikin wannan al'umma, ita ce ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a gidan rediyon Omdurman a shekarun 1940.

Waɗanda suka zauna a Hijaz kuwa ba su buƙatar dogon bayani a nan, domin su sun isa inda suka nufa, zamansu kuma yana da tsohon suna a addini, wato maƙwabtaka da Ɗakin Allah. Waɗanda suka riga kafuwar tsarin fasfo da iƙama, wato takardar izinin zama, sun zama 'yan ƙasa, zuriyarsu na ɗauke da sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi, har Usama Hausawi ya jagoranci ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Waɗanda suka zo a makare kuwa sun gaji zaman ɗar-ɗar, ana haihuwarsu a Makka ko Jidda, a wayi gari an kama su an sauke a filin jirgin Kano, garin da ba su san kowa a cikinsa ba.

Daga baya mota ta gajarta tafiyar Hajjin. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da manyan motoci zuwa Sudan, abin da ya mayar da tafiyar shekaru ta koma ta watanni, kuma a 1959 layin dogo ya isa Niyala a kudancin Darfur. Jirgin sama ya biyo baya a shekarun 1950, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, sannan a 2006 aka kafa hukumar NAHCON domin wannan aiki. Da wannan sauyi Hajji ya tashi daga ƙaurar iyali ya koma ziyarar mutum ɗaya ta 'yan makonni, wadda ake biyan kuɗinta tun kafin a tashi, a dawo a tarar da shago a buɗe da gona a shuke. Alhajin yau ba ya fuskantar tambayar wanda ya noma gonarsa ko wanda ya aurar da 'yarsa, kuma wannan rahama ce da ba za a raina ba, ko da yake ta rufe ƙofar da talaka marar ko sisi yake bi da ƙafarsa da sana'arsa ya sauke farali.

Ga zuriyar waɗanda suka tsaya a hanya kuwa, batun zama bai rufu ba. A tsarin mulkin gargajiya na Sudan, ƙasa tana bin sarauta, ƙabilar da ke da basaraken da hukuma ta amince da shi ita ce ake ɗauka mai ƙasa, saura kuma baƙi ne komai daɗewarsu. Lokacin da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su sarautar kansu, wasu ƙabilun yankin sun ɗauki buƙatar a matsayin neman mallakar ƙasa, rikici ya ɓarke a watan Yulin 2022 a Rusairis da kewayenta, ya sake tashi a watan Oktoba a Wad al-Mahi, ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu, Hausawa kuma suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum da wasu biranen. Ba a gama jinyar wannan ba yaƙi ya tashi tsakanin sojojin gwamnati da dakarun kar-ta-kwana na RSF a ranar 15 ga Afrilun 2023, Wad Madani ta faɗa hannun RSF a watan Disamba na shekarar, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025, kuma a tsakanin haka mazauna kambo sun sha zargi da farmaki. Gwamnatin Najeriya ta kwashe 'yan ƙasarta a makonnin farko na yaƙin, galibinsu ɗalibai, wasu ta iyakar Masar wasu ta Bur Sudan, amma wannan jigila ta masu fasfon Najeriya ce. Jikokin mahajjatan ƙasa 'yan Sudan ne, da yawansu ba su riƙe komai daga ƙasar Hausa ba sai harshe da sunan garin da kakansu ya ce daga can ya taso, saboda haka sun yi gudun hijira tare da sauran 'yan ƙasarsu, zuwa Gadarif da Kasala da duk inda mota ta iya kai su.